Kallon Garkar Wani: Ina Sha'awa Ke Kai Zuciya?

  

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ya san yadda watan Afrilu yake. Zafi kan wuce digiri 40, ruwan sama na ƙarshe ya sauka tun wajen Satumba, iska ba ta ɗauke da komai sai ƙura. Mai tafiya a lungunan unguwar Birni ba abin da yake gani sai bangon ƙasa da manyan duwatsun da garin ya zauna a kansu. A ɗauki misalin wani ɗalibi da ya raka abokinsa gida a irin wannan lokaci don ya gaida mahaifiyarsa. Suka yi sallama, suka ratsa zaure, sai ya tarar da abin da bai zata ba. Zogale biyu sun zarce katanga, lalle ya yi shinge a gindin bango, lemun tsami ya baza inuwa kusa da randa, gwanda ta rataye ƴaƴa, na'ana'a ta cika wani tsohon kwano har ta zubo. Iskar tsakar gidan ma daban take da ta waje. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya ce, "Kai!"

Wannan "kai" ɗin ita ce abin dubawa. Sha'awa ce, kuma ba wanda ke zaɓenta, faɗowa take yi a zuciya kamar yadda ƙamshi ke faɗowa a hanci. Amma abin da ke biyo bayanta yana hannun mai ita. Mutum biyu za su kalli garka ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya koma gida zuciyarsa a sanyaye, ɗayan ya koma yana jin gidansu ya yi masa ƙunci, har yana neman aibin da zai jingina wa mai garkar. To me ya raba su? Kuma wane haƙƙi ne ke kan mai kallon kyakkyawan abin da ba nasa ba?

Kafin a amsa, sai an san abin da ido ya gani da abin da ya ɓoye masa. Bayan ɗalibin ya durƙusa ya gaida dattijuwar, sai ya ce, "Inna, wannan garka taki kamar ba a Damagaram take ba. Masha Allah, Allah Ya ƙara albarka." Ta yi murmushi ta ce, "Amin, ɗana. Ruwan alwalar gidan nan kake gani. Kuma waɗanda suka mutu a nan sun fi waɗanda suka rayu yawa."

Maganarta biyu ce, kowace tana ɗauke da darasi. Ta farko kan ruwa ce. Damagaram gari ne da ƙarancin ruwa ya daɗe yana damunsa, musamman da bazara, lokacin da ake jera bido a bakin famfo, ana sayen ruwa wajen ƴan garuwa. Mai hankali zai iya tambaya: a irin wannan gari, ashe ba almubazzaranci ba ne a zuba ruwa a gindin icce? Tambayar tana da gaskiya a cikinta. Wanda ya saki tiyo yana shayar da ciyawar ado alhali maƙwabcinsa na neman na sha, korensa ba abin yabo ba ne. Amma galibin ƙananan garake na cikin gida ba haka suke rayuwa ba. Ana yin alwala a gindin lemu maimakon a yi ta a kan siminti. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ana zuba wa zogale. Randa ko tulu mai tsatsafo ana ajiye shi inda damshinsa zai amfani wani tsiro. Ana ban ruwa da asuba ko da maraice don kada rana ta shanye shi, ana rufe gindin shuka da busasshen ganye don damshi ya jima. Kashin awaki ya zama taki, a kewaye dashe da ƙaya saboda akuyar da ta ba da takin. Ke nan koren da mai kallo ya gani ruwa ne da ya yi aiki sau biyu. Mai garkar ba ta fi maƙwabtanta ruwa ba, ta fi su lura da inda ruwanta yake zuba ne.

Magana ta biyu ta fi zurfi. Baƙo yana ganin waɗanda suka tsira ne kaɗai. Bai ga mangwaron da gara ta cinye ba, bai ga tumatirin da aka dasa a makare zafi ya zubar da furensa ba, bai ga dashen da akuya ta cinye a yini guda bayan an yi wata uku ana rainonsa ba. Garkar da ke gabansa ragowar gwaji ce mai yawa. Abin da ya rage a cikinta shi ne abin da ya dace da ƙasar da yanayin, kuma sanin wannan dacewa ilimi ne da ake saye da hasara.

Zogale, alal misali, yana son ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Yana jure fari, yana tsirowa daga iri ko daga reshen da aka sara aka kafa, kuma in an datse kansa sai ya yi rassa ya ƙara ganye. Shi ya sa ya zama icen gida a ko'ina, har a wurare irin su Jiratawa kusa da Maraɗi nomansa ya zama babbar sana'a, ganyensa na shiga kwaɗo da dambu. Lalle ya ma fi shi juriya, in ya kama ƙasa ba ya neman ruwa mai yawa. Yakuwa tana ba da ganye don miya, da zoɓo don sha, ƴaƴanta kuma a yi daddawar batso. Kuɓewa tana son zafi, amma sai an riƙa tsinkarta kowane kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙosa ta yi tauri. Gwanda kan yi ƴaƴa cikin kusan shekara guda, amma ruwa in ya kwanta a gindinta sai saiwarta ta ruɓe. Lemun tsami kuwa sai an yi shekaru ana jira. Su kuma tumatir da shu da karoti lokacin sanyi ne nasu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya nace sai ya same su da bazara a tsakar gida zai ƙare ruwansa a banza.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke bunƙasa don ya fi ɗan'uwansa daraja. Kowane yana da ƙasarsa da lokacinsa. Manomi ya san wannan daga gawo, icen da ke zubar da ganyensa da damana lokacin da komai ke kore, sannan ya yi ganye da rani lokacin da komai ya bushe. Wanda ya gan shi tsirara a watan Agusta ya ce ya mutu, bai san gawo ba ne. Hatsi ma ya fi kyau a ƙarƙashinsa, domin ba ya tare masa rana lokacin noma, kuma ganyen da ya zubar taki ne.

Idan an fahimci wannan, za a ga inda ƙafar mai kallo ke zamewa. Wuri na farko shi ne hassada. Tana farawa da kwatance: me ya sa gidansu kore, namu fako? Daga nan sai zuciya ta fara neman hanyar rage abin, ta ce ai ɗanta ke aiko mata kuɗi, ai unguwarsu famfo na zuwa. Ƙarshenta ta ji daɗi ranar da fara ta sauka a garkar. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin ya rarrabe tsakanin hassada, wato ƙin ni'imar da ke hannun wani da son gushewarta, da gibɗa, wato son samun irinta ba tare da son ta bar mai ita ba. Ta farko haramun ce, ta biyu babu laifi a cikinta, har takan zama abin yabo idan a kan alheri ce. Mahassadi jahilin garka ne kafin ya zama azzaluminta, domin yana son inuwar bai tambayi guga nawa aka ja ba. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Zogalen bai san an yi masa hassada ba, ci gaba zai yi da tofo, mai hassadar ne ke bushewa.

Akwai kuma cutarwar da ke zuwa ba tare da ƙiyayya ba, wadda ake kira kambun baka. Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Amir ɗan Rabi'a ya ga Sahlu ɗan Hunaifi yana wanka, ya yi mamakin kyan fatarsa ya furta, nan take Sahlu ya kamu da ciwo. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W), sai ya yi wa Amir faɗa a kan bai roƙa wa ɗan'uwansa albarka ba, ya umarce shi da yin alwala aka zuba ruwan ga Sahlu, ya warke. Dukansu sahabbai ne da suka halarci Badar. Abin da ya rasa a maganar Amir shi ne addu'a. Wannan ne asalin ladabin da iyaye ke koya wa yara, cewa in an ga abin sha'awa a ce masha Allah, a ce tubarkalla. Kalmar tana kare abin da aka kalla, tana kuma kare mai kallo, domin harshen da ya roƙa wa abu ƙari da wuya zuciyarsa ta so raguwarsa.

Wuri na biyu na mai garkar ne, domin shi ma mai kallo ne, kullum safiya yana tsayawa yana duban aikinsa. Suratul Kahfi ta kawo labarin mai gonaki biyu na inabi, an kewaye su da dabino, da shuka a tsakaninsu, ƙorama na gudana. Ya shiga yana alfahari ga abokinsa da dukiya da jama'a, yana zaton abin ba zai taɓa ƙarewa ba. Abokin ya tunatar da shi cewa kamata ya yi da shigarsa ya mayar da al'amarin ga nufin Allah da ƙarfinSa. Bai ji ba, aka halaka amfanin, ya wayi gari yana juya tafukansa don nadama. Laifinsa bai kasance a mallakar gona ko a ganin kyanta ba. Ya kalli kyauta ne sai ya ga kansa. Wannan shi ne ujubu, kuma yana iya kama mai zogale biyu kamar yadda ya kama mai gonaki biyu.

Wuri na uku ya fi sauran ɓoyuwa, shi ne gafala. A cikin Muwaɗɗa ɗin dai an ruwaito cewa Abu Ɗalha Al'ansari yana salla a gonarsa, sai wani tsuntsu ya riƙa kai da kawowa yana neman mafita. Abin ya ba shi sha'awa, ya bi shi da ido, da ya dawo ga sallarsa sai ya rasa raka'a nawa ya yi. Ya ga cewa dukiyar ta zame masa fitina, ya je wurin Manzon Allah (S.A.W) ya ba da ita sadaka. Ba a wajabta wa kowa yin abin da ya yi ba, amma labarin ya nuna ma'auni: kyakkyawan abu yana iya zama taga, yana iya zama labule. In ya kai zuciya ga Wanda Ya yi shi, kallonsa tafakkuri ne. In ya tsayar da ita a kansa, ya zama shamaki komai halaccinsa.

Wani zai ce, tunda haɗarin ya kai haka, ashe kau da ido da kame baki sun fi. Akwai masu yin haka, suna ganin abin kirki a gidan wani su yi shiru don kada a ce sun yi baki, akwai kuma masu ɓoye ni'ima don tsoron ido. Amma wannan magani ne da ya fi cutar muni. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi kira a dubi tsiro da ƴaƴan itace, yadda suke fitowa da yadda suke nuna, a ɗauki izina. Idon da ya daina ganin kyau ya rasa ɗaya daga cikin ƙofofin shukura. Sannan dattijuwar da ta yi shekaru tana ɗaukar buta zuwa gindin lemu tana da haƙƙin a ce mata sannu da ƙoƙari. Ya zo a hadisi cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah.

A nan tambayar ta asali ke fitowa fili: wa ake yabo idan an yaba garka? In an ce mai garka ce kaɗai, an manta cewa ba ita ta tsaga ƙwayar iri ba. Takan shuka gwanda biyu daga ƴaƴan gwanda guda, ta ba su ruwa ɗaya da taki ɗaya, ɗaya ta yi ƴaƴa, ɗayar ta fito namiji, sai fure kawai. Hannunta bai zaɓi wannan ba. In kuma an ce aikinta ba komai ba ne, to ga fakon maƙwabci nan, rana ɗaya ke haska su, ruwan sama ɗaya ke sauka a kansu. Malamai sun warware wannan da cewa bawa yana riƙon sababi, Allah ne Mai halittar sakamako. Don haka yabo na gaskiya yana da fuska biyu a lokaci guda: a gode wa hannun da ya yi ban ruwa a kan aikinsa, a gode wa Ubangiji a kan hannun da ruwan da tsiron gaba ɗaya. Gaisuwar da ɗalibin ya yi ta haɗa su, ya ambaci garkar a matsayin tata, ya mayar da ita ga nufin Allah, ya roƙa mata ƙari.

Sai dai kalma kaɗai ba ta isa shaida ba, domin baki na iya cewa masha Allah zuciya na ƙuna. Akwai gwajin da mutum zai yi wa kansa bayan ya fita daga gidan. Ya duba abin da ke motsi a ransa. In ya sami kansa yana lissafin abin da mai garkar ta samu wanda shi bai samu ba, to cuta ta shiga, sai ya yi istigfari ya yawaita yi mata addu'a a ɓoye har ƙullin ya warware. In kuwa ya sami kansa yana tunanin wane lungu ne a gidansu rana ke samu, ina ruwan alwalarsu ke zuba, to sha'awar lafiyayya ce, ta zama himma.

Ɗalibin nan da zai tafi ya ce, "Inna, ko za a sam mini iri?" Ta sa aka saro masa reshen zogale mai kauri, tsawon kamu biyu, ta ce ya kafa shi inda ruwa ba ya kwanciya, ya kewaye shi saboda awaki, kada kuma ya cika masa ruwa. Icen bai ragu da komai ba, wurin da aka sara zai fito da sababbin rassa. Shi kuma ya tashi daga mai kallo ya koma mai raino, kuma daga ranar zai fara sanin abin da ido bai nuna masa ba. Zai san cewa guga goma a rana ɗaya ba ya maye gurbin moɗa guda kullum. Duk mai riƙe da wuridi safe da maraice ya san wannan a wani fagen, kuma hadisi ya nuna cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Wataƙila reshen ya kama, wataƙila ya bushe ya koma ya roƙi wani. In ya kama, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi, har akuyar da ta tsallake shinge ba ta ci a banza ba.

Abin da ya tabbata a garka ya tabbata a sauran abubuwan da ido ke faɗawa a kansu. Ɗalibi yana ganin abokinsa ya haye jarrabawa shi ya faɗi, muridi yana ganin ɗan'uwansa ya samu natsuwar da shi bai samu ba, matashi yana bin hotunan tsaransa a Facebook yana ganin kowa kore sai shi. A duk waɗannan, abin da aka gani ragowar gwaji ne da ba a gani ba, kuma ruwan da ya raya shi an ɗebe shi ne lokacin da ba mai kallo. Ba kowace ƙasa ce ke karɓar kowane iri ba, ba kuma kowa ne ke tofo da damana ba. Haƙƙin da ke kan mai kallo shi ne ya roƙa wa mai abu albarka da gaskiya, ya gode wa Mai bayarwa, sannan in yana so ya tambayi hanya cikin ladabi, ya koma ya duba inda nasa ruwan yake zuba.

Allah Ya tsarkake zukata daga hassada da ujubu da gafala, Ya sanya albarka a abin da hannuwa suka dasa, Ya shayar da garuruwan da ke fama da ƙishi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba (S.A.W) da alayensa da sahabbansa. Amin.